Cibiyar koyon haɗa sola ga masu digiri: ra'ayin uban da ya biya kuɗin

A 'yan shekarun nan cibiyoyin koyar da haɗa wutar sola sun yawaita a Kano, kuma da yawansu ba sa ɓoye waɗanda suke nema, domin tallansu a rediyo da Facebook kai tsaye yake kiran matasan da suka gama jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, suka yi bautar ƙasa, suka dawo gida babu aiki. A kan ɗaya daga cikinsu zan yi magana, wadda yaron wajena na biyu ya yi horon wata uku a cikinta, ni kuma na biya. Ba zan ambaci sunanta ba, saboda abin da zan faɗa ya haɗa da yabo da suka, kuma na tabbata mai karatu zai ga kamanninta a wasu cibiyoyin da ke kusa da shi. Galibin masu yabon irin waɗannan wurare ɗalibai ne da suka ɗauki hoto da kwali a hannu ranar da aka yaye su, amma wanda kuɗin ya fita daga aljihunsa ba a cika jin ta bakinsa ba. Hukuncina shi ne sana'ar da suke koyarwa ta gaskiya ce, kuma malamansu sun san aikinsu, sai dai alƙawarin da ke cikin tallansu, cewa yaro zai fito ya tsaya da ƙafarsa ya sauke wa iyayensa nauyi, ya fi ƙarfin horon wata uku. Uban da ya shiga bai lissafa abin da zai biyo baya ba, zai ga ɗawainiyar ta ƙaru kafin ta fara raguwa.

Ba da ka muka zaɓi sola ba. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000, har ƙaramin janareto ya koma abin ajiya a gidaje da shaguna da dama. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wuta mafi yawan awoyi, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit. Sai kuma duhun ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, Kano da maƙwabtanta suka shafe fiye da mako guda babu wuta, masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa suka ji a jikinsu. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin shagunan magani da masallatai da ƙananan asibitoci a yau zai ga farantan sola. Kasuwa dai akwai ta, kuma wannan ɓangaren na tallan cibiyar ba ƙarya ba ne.

Kafin in shiga cikin cibiyar, ya kamata in bayyana halin da ke kai iyaye wurin, domin da wannan ma'aunin na auna ta. Yarona ya karanta ilmin labarin ƙasa, kuma yana cikin waɗanda yajin aikin ASUU na 2020, daga Maris zuwa Disamba, da na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya mayar wa digirin shekara huɗu kusan shekara shida. Ya yi bautar ƙasa lokacin da alawi ke naira 33,000, kafin a fara biyan 77,000 a watan Maris na 2025, saboda haka bai dawo da wani tari ba. A sansani ya ɗan taɓa shirin koyon sana'a na SAED, wanda hukumar NYSC ta ɓullo da shi tun 2012, amma 'yan kwanakin sansani ba sa mayar da mutum mai sana'a. Shirin N-Power da ya riƙe wasu yayyensu da naira 30,000 a wata tun daga 2016, an dakatar da shi a Oktoban 2023. Alƙaluman gwamnati kuwa ba sa nuna irin yarona. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan da ta sauya salon lissafi a 2023, ta fara ɗaukar wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. A wannan lissafin, ranar da yarona ya cike wa maƙwabci fom a waya aka ba shi ɗan abin sayen kati, ya zama ma'aikaci, alhali tuwonsa na dare daga tukunyar mahaifiyarsa yake fitowa.

A al'adarmu zaman saurayi a gidan ubansa har ya yi aure ba abin kunya ba ne, kuma babu uban kirki da zai kori ɗansa don ya kai wasu shekaru. Abin da ya sauya shi ne wanda ke zaune a ɗakin soro yanzu ba ya shigo da komai. A da saurayin da ke gida yana zuwa gona ko kasuwa ko wajen ubangidansa, yana ajiye wani abu a cefane. Yanzu an kashe dukiya an ba shi ilmi, kuma a daidai shekarun da ya kamata kuɗi ya fara tahowa daga ɗa zuwa uba, sai ya ci gaba da gangarawa daga uba zuwa ɗa. Ni na yi ritaya a ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo da aka kafa da dokar 2004, wanda ake ba mutum wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa gutsuro masa duk wata. Wannan gutsuren bai san hauhawar farashi ba, ga shi kuwa a Disamban 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A cikinsa ake cire abincin babban mutum, da kuɗin data na neman aiki, da kuɗin mota zuwa Kaduna ko Abuja don jarrabawar ɗaukar aiki da ba a sake jin labarinta, da hoton fasfo da kwafin takardu, da magani idan zazzaɓi ya zo, da ɗinkin salla, har da gudummawar bikin abokai, domin ba ka so a ce ɗanka ne kaɗai ya je hannu rabbana.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarami ne, amma daga wani wuri ake zaro su. A gidana an zaro su daga adashen mahaifiyarsa, wanda da jarin man gyaɗarta zai shiga, da kangon da na kai linta na tsaya, da makarantar ƙannensa, domin dole ta sa na sauya wa ƙaramar makaranta zuwa mai sauƙin kuɗi. Idan mutum ya duba da kyau zai ga asarar ba a gidana ta tsaya ba. Magini da kafinta da mai bulo ba su samu aikin kangon ba, mai kanti na unguwa yana bin mu bashin da ke riƙe masa jari, auren da aka ɗage ya hana tela da mai kayan ɗaki ciniki, kuɗin da ya kamata ya zama jari ya haifi wani kuɗin ya tafi a ci da sha. Shi kansa yaron asararsa ta fi tawa, ko da yake ba a ganinta a takarda: tallan aiki yana neman gogewar shekara biyu ko uku, yana kuma ƙayyade shekarun haihuwa, saboda haka duk shekarar da ya yi a gida tana nesanta shi da sharaɗi na farko, tana kuma tura shi ya ƙetare na biyu. Asusun fanshonsa bai buɗe ba, banki bai san shi da shigar kuɗi ba balle ya ba shi rance. Wannan ne ya sa na je cibiyar da tambaya guda, wato ko abin da zan biya zai rage wannan zirara.

Cibiyar gida ne da aka mayar makaranta, ɗakin karatu ɗaya mai ɗaukar mutane da dama, da rumfa a tsakar gida inda aka kafa farantai a kan ƙarfe don gwaji. Kuɗin horo ya kusa alawin mai bautar ƙasa na naira 77,000 har na wata uku, kuma ana karɓa kashi biyu, wanda sauƙi ne da ya kamata a yaba. Abin da ya ja hankalina a fom ɗin shiga shi ne layin da ke neman sunan mai ɗaukar nauyi da lambar wayarsa. Da lokacin cikon kuɗi ya yi, ba ɗalibin aka nema ba, ni aka kira, magatakardan ya gaishe ni da ladabi ya ce, “Alhaji, saura kashi na biyu.” Ban ga laifinsa ba, amma wannan kiran ya nuna yadda harkar take. Wurin da ke tallan raba matasa da dogaro da iyaye, a kan aljihun iyaye ya gina farashinsa, kuma masu shi sun san haka sarai. Babu tsarin da ɗalibi zai biya daga abin da ya samu bayan ya fara aiki, wanda da akwai shi, da cibiyar ta fi damuwa da makomar waɗanda ta yaye.

A fagen karatu kuwa ban da abin cewa sai yabo. Makonnin farko sun tafi a lissafin nauyin wuta, kuma nan ne mai digiri ya fi yaron da ya koya a gefen titi. An koya musu cewa fanka mai wat 75 idan ta yi awa 8 ta ci wat-awa 600, cewa batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma idan na ruwa ne rabin wannan kawai ake taɓawa in ana so ya daɗe, saboda haka fanka biyu a dare guda sun cinye rabonsa. An nuna musu dalilin da ya sa batirin litiyom, duk da tsadarsa, yake ba da kaso mafi yawa na abin da ya ɗauka, da dalilin da ya sa firiji da famfon ruwa ke fizgar wuta ninki-ninki a lokacin tashi, har su kashe inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke sha, idan an saye ta daidai wa daida. Sun koyi bambancin jera farantai bi-da-bi, wanda ke ƙara bolt, da jera su kafaɗa da kafaɗa, wanda ke ƙara amfiya. Sun koyi bambancin na'urar cajin batir iri biyu, ta PWM da ta MPPT wadda ta fi tatso wutar faranti. Sun koyi cewa a Kano faranti kudu yake kallo, a ɗan karkace, kuma ƙurar hunturu da zafin bazara duk suna rage masa ƙarfi. Yaron ya zaga gidana da littafi yana leƙa bayan firiji da talabijin yana kwafar lambobi, daga ƙarshe ya ce da ni, “Baba, dutsen gugar nan ya fi fankokin gidan nan duka jan wuta.” Tun dawowarsa daga bautar ƙasa ban ga ya riƙe biro da irin wannan himmar ba.

Kayan gwaji ne suka gaza. Inbatocin da ke rumfar kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan ɗalibai, har wasu sukan gama darasi ba su taɓa waya da hannunsu ba, sai kallo daga bayan kafaɗar wani. Yawancin baturan tsofaffin na ruwa ne, na litiyom guda ɗaya ne kuma malami ne kaɗai ke taɓa shi, alhali kasuwar masu kuɗi can ta karkata. Famfon sola na rijiyar burtsatse da na noman rani, wanda manoma ke nema tun da fetur ya yi tsada, a allo kawai aka zana shi. Abin da ya fi damuna shi ne sakaci da kariya: ana hawa rufin kwano da silifa, babu igiyar ɗaure jiki, hular kwano kuma sai ranar ɗaukar hoto. Uban da ya riga ya kashe dukiya a kan digiri ya san cewa faɗowa ɗaya daga rufi za ta mayar da ɗawainiyar shekara biyu ta zama ta har abada.

Mafi darajar abin da na saya a wurin ba ya cikin jadawalin da aka ba mu. Babban malaminsu, wani dattijon mai gyaran wuta da ya daɗe a harkar, yana da kwangilolinsa na kansa, kuma yakan ɗebi ɗalibai su bi shi. Na leƙa su wata rana a wani shagon sayar da magani inda wani ya riga ya haɗa sola, mai shagon yana kukan batir ba ya kai wa tsakar dare. Malamin bai buɗe inbata ba. Ya sa yaran ɗaya bayan ɗaya su kama wayar da ta taso daga batir, suka ji ta da ɗumi, sannan ya ce, “Kun ji? Kuɗin Alhaji ne ke ƙonewa a nan.” Wayar siririya ce, an saka ta don a rage kuɗi, kuma kan da aka ɗaure ta da shi ya yi tsatsa. Ya sa yarona ya yanke, ya fere, ya matse sabon kai, ya sake aunawa da mita a gaban mai shagon. A wannan yinin yaron ya koyi gano cuta, ya koyi yadda ake yi wa mai kaya bayani ba tare da zagin wanda ya fara aikin ba, ya kuma ga yadda ake karɓar kuɗin aiki. Matsalar ita ce wannan fita ba haƙƙin ɗalibi ba ce a rubuce, alheri ne na malamin, kuma wanda ya fi zafin nama da saurin ɗaukar tsani shi ake kira. Masu jin cewa digirinsu ya fi ƙarfin ɗaukar tsani, da masu kunya, sun gama wata ukun ba su hau rufin kowa ba.

A watannin horon kashe kuɗina ƙaruwa ya yi, kuma wannan ne abin da babu wanda ya gaya mini a ofishin rajista. Yaron da ke zaune a gida ba ya cin kuɗin adaidaita sahu kullum, amma mai zuwa makaranta yana ci, zuwa da dawowa, ga abincin rana a waje. Sannan ga kayan aiki. Tallan ya ambaci cewa za a ba kowane ɗalibi kayan fara sana'a, abin da aka bayar kuwa jaka ce mai ɗauke da filaya da sukuddireba da ƙaramar mita mai arha, wadda ba a dogara da ita a kan aikin mutane. Injin huda bango, da mita ta ƙwarai, da abin matse kan waya, da tsani, duk sai da muka shiga shagunan kayan wuta na Sabon Gari muka saya, kuma jimillarsu ta kusa kuɗin horon kansa. Ana iya ara, amma wanda ke ara ba ya karɓar aiki sai mai kayan ya huta, kuma Hausawa sun riga sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk uban da zai kai ɗansa irin wannan wuri ya ninka kuɗin da aka faɗa masa sau biyu, sannan ya ƙara na mota, shi ne zai san ainihin farashin.

Alƙawarin haɗa ɗalibai da kamfanoni ya tsaya ne a wani zaure na WhatsApp da ake turo tallan aiki jefi-jefi, galibi irin wanda kowa zai iya gani da kansa. Takardar shaidar da suke bayarwa kyakkyawa ce a ido, amma ta cibiyar ce kawai. Ba ita ce takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ba, ba kuma ita ce shaidar ƙwarewa da hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki ke ba masu haɗa wuta ba, waɗanda su ne ake tambaya idan aikin ya shafi hukuma ko babban kamfani. Ya kamata a ce cibiyar ta bayyana wannan tun farko, ta kuma shirya ɗalibanta don waɗancan jarrabawoyi, ko da za ta ƙara kuɗi. Yaran da suka fito daga jami'a sun saba ɗaukar kwali a matsayin mabuɗi, kuma sayar musu da wani kwalin ba tare da an gaya musu iyakarsa ba, ƙara musu jira ne a ɗakin soro.

Babban giɓin horon shi ne ɓangaren kasuwanci, wanda aka ware wa 'yan kwanaki a ƙarshe, aka cika su da jawabin ƙarfafa gwiwa. Ba a koya musu rubuta ƙiyasin aiki ba, ba a koya musu ware kuɗin hannu daga kuɗin kaya ba, ba a yi maganar rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba sai a fatar baki. Kayan sola kusan duka daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin, farashinsu kuma dala yake bi. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san cewa ƙiyasin da ba a rubuta masa wa'adi ba yana iya cinye ribar mai aiki har ya shiga uwar kuɗi. Sannan akwai batun amana, wanda babu darasin da ke bayar da shi. Mai gida ba zai damƙa wa saurayin da bai sani ba miliyoyin naira ya sayo batir da inbata, dillali kuma ba zai ba shi kaya bashi ba. A tsohon tsarinmu na yaron shago, irin na Kantin Kwari ko Sabon Gari, ubangida ne ke ciyar da yaro, ya ba shi na mota, bayan shekaru ya sallame shi da jari ko ya tsaya masa a ba shi kaya, wato yana ba shi sana'a da suna da jari a tare. Cibiyar sana'ar kawai take sayarwa. Suna da jari kuwa gida ake komawa nema, shi ya sa aikin farko da yarona ya samu na kansa a gidan abokina ne, kuma ni na tsaya masa.

Yanzu yana bin wannan dattijon malamin a matsayin mai taimako, ana biyansa a kan kowane aiki, wani makon a samu, wani makon shiru, yana kuma karɓar ƙananan gyare-gyare da wankin farantai a unguwa. Ya daina tambayata kuɗin data da na mota, yana ɗinka wa kansa, wani lokacin yakan shigo da cefane ya miƙa wa mahaifiyarsa. Ɗaki da abinci da magani har yanzu nawa ne, maganar aure kuma ba ta taso ba. Idan na auna da abin da na kashe, kuɗina bai dawo ba tukuna, amma zirarar ta ragu sosai, kuma yaron yana tashi da asuba da wurin zuwa. Kayan aikin da na saya masa bashi na mayar da su, mun rubuta a takarda, yana biya kaɗan-kaɗan, kuma na lura ya fi kula da injin huda bangon tun da ya san nasa ne da guminsa. Abokan karatunsa kuwa sun rabu: waɗanda iyayensu ke da halin buɗe musu shago sun yi gaba, waɗanda suka liƙe wa wani ubangida suna rarrafawa kamar nawa, waɗanda suka karɓi kwali suka koma jiran kira suna nan inda suke, sai dai an ƙara wa iyayensu asarar kuɗin horo.

Mata kaɗan ne a ajin, kuma cibiyar ba ta yi wani tanadi dominsu ba, alhali 'yan mata masu digiri da ke zaune a gida suna da yawa, ɗawainiyarsu kuma ba ta fi ta maza sauƙi ba. Lissafin nauyin wuta, da rubuta ƙiyasi, da sayar da kaya, da gyaran inbata a kan tebur, duk ba sa buƙatar hawa rufi, kuma akwai gidajen da mace ce kawai za ta iya shiga ta duba kayan wutar cikin ɗakuna ba tare da an jira maigida ba. Wannan kasuwa ce da cibiyar ta bari a ƙasa.

Ina ba da shawarar wurin ga yaron da shi da kansa ya nemi zuwa, wanda ba ya ƙyamar ƙura da rana, da uban da zai iya ɗaukar kuɗin horo da na kayan aiki da na wasu watanni bayan yaye ba tare da ya sayar da fili ko ya cire ƙanne daga makaranta ba. Wanda za a tura don kawai a daina ganinsa a ƙofar gida, gara a bar kuɗin a adashen uwarsa. Wanda kuma yake da ɗan'uwa ko maƙwabci mai wannan sana'ar da zai karɓi yaron kai tsaye, yana iya tsallake cibiyar, ya sa kuɗin a kayan aiki, ko da yake zai rasa darasin lissafi, wanda ba kowane ubangida ke iya koyarwa ba. Kafin a biya kashi na farko, a nemi ganin rumfar gwaji a lokacin darasi, a ƙirga ɗalibai a ƙirga inbatoci, a tambayi abin da ke cikin jakar kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, a kuma nemi a rubuta a takardar rajista sau nawa ɗalibi zai fita aikin waje. Kashi na biyu kuma kada a biya shi sai yaron ya hau rufin wani ya ɗaura faranti da hannunsa.